Yadda Ake Yanke Shawarar Sabunta Babbar Manhajar Kwamfutar Ɗakin Duban Taurari

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, masu kula da ƙananan ɗakunan duban taurari, na jami'o'i da na ƙungiyoyi da na ɗaiɗaikun mutane, suke ta juya tambaya guda a zuciya: shin a ɗaga kwamfutar da ke sarrafa na'urar hangen nesa zuwa Windows 11, ko kuwa a ƙyale ta yadda take tunda ba ta taɓa ba da kunya ba? Tambayar ba sabuwa ba ce, domin an yi irinta a watan Afrilun 2014 da aka sallami Windows XP, an kuma sake yin ta a watan Janairun 2020 da aka sallami Windows 7. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kwamfutar da ke cikin ɗakin duban taurari gaɓa ce daga cikin gaɓoɓin na'urar, kamar yadda madubi da kyamara suke, saboda haka ba a yi mata hukuncin da ake yi wa kwamfutar ofis. Abubuwa biyu ne suke yanke shawarar: na'urar da ta fi kowace tsufa daga cikin waɗanda aka jona mata, da kuma ko wani daga waje yana iya isa gare ta ta intanet.

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an dubi aikin da kwamfutar take yi a dare ɗaya. Ita ce take umartar mazauni, wato injin da ke ɗauke da na'urar hangen nesa, ya juya zuwa wani tauraro, ya kuma ci gaba da binsa sannu a hankali yayin da duniya take juyawa. Ita ce take buɗe kyamara na minti biyu ko biyar ko goma, ta sanyaya ƙwayar ɗaukar hotonta, ta juya faifan matatan haske, ta daidaita kaifin hoto idan sanyin dare ya sa ƙarfe ya tsuke, ta juya ƙubba domin tagarta ta fuskanci inda na'urar take kallo, sannan ta saurari na'urar jin ruwan sama don ta rufe rufi idan hadari ya taso. Kowane umarni daga cikin waɗannan yana bi ta wata sarƙa mai tsawo. Manhajar da mutum yake gani a allo, kamar N.I.N.A. ko MaxIm DL ko TheSkyX, tana magana ne da wani dandali na tsakiya mai suna ASCOM, wanda Bob Denny ya assasa a shekarar 1998 domin manhajoji da na'urori na kamfanoni daban-daban su riƙa jin yaren juna. Shi kuma ASCOM yana magana da direban na'urar, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, direban yana magana da direban kafar USB, sannan a isa ga babbar manhaja, wato Windows. Mutane daban-daban ne suka ƙera waɗannan zobba, wasunsu masu sha'awa ne kawai da suke rubuta manhaja a lokacin hutunsu, wasu kamfanonin ma sun daɗe da rufewa. Idan aka sauya babbar manhaja, ƙasan sarƙar aka taɓa, kuma zobe ɗaya tak ya isa ya tsayar da aikin dare gaba ɗaya.

Mataki na farko ba ya bukatar a sayi komai, littafi da biro kawai yake bukata. A zauna a gaban kwamfutar da rana, a rubuta kowace na'ura da aka jona mata, da sunan wanda ya ƙera ta, da samfurinta, da irin wayar da ta haɗa su, da lambar zubin direbanta, da lambar kafar COM da Windows ta ba ta, wadda ake gani a wurin da ake kira Device Manager. A buɗe shafin saiti na kowace manhaja a ɗauki hotonsa da wayar hannu, har da shafukan da ake ganin ba su da muhimmanci, domin yawanci a cikinsu ne wani ya saka wata lamba shekaru shida da suka wuce, ya manta, kuma ita ce take hana na'urar hangen nesa karo da ginshiƙin da ke ɗauke da ita. A nemo takardun lasisi da lambobinsu, a tabbatar ko lasisin a ɗaure yake da wannan kwamfutar ko ana iya kai shi wata. Sannan a naɗa wa kowace waya tef a rubuta sunanta da ramin da take shiga. Wannan na ƙarshe na koye shi ne da wahala, kuma laifin nawa ne ni kaɗai: na taɓa zare wayoyi huɗu masu kama ɗaya daga bayan kwamfuta don in share ƙura, na mayar da su yadda na ga dama, da dare ya yi sai manhajar mazauni ta riƙa aika umarni zuwa ga injin daidaita kaifin hoto, ni kuwa ina tsugune da ɗan jan fitila a baki ina gwada ramuka ɗaya bayan ɗaya, har Kaza da 'Ya'yanta suka wuce tsakar sama ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Da jerin ya kammala, sai a bi shi na'ura bayan na'ura, a shiga shafin kamfanin kowace a duba ko akwai direban da aka ce yana aiki da Windows 11. A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne amsar take ɓoye. Kyamarorin zamani da suke shiga ta USB, irin na ZWO ko QHY, galibi suna da sababbin direbobi, ba su cika tayar da hankali ba. Matsalar tana ga mazaunai da ƙubbobi da injinan daidaita hoto, waɗanda da yawansu har yanzu da tsohon tsarin RS-232 suke magana, ana jona su da kwamfuta ta wata waya mai sauya USB zuwa tsohuwar kafa. A cikin kan wayar akwai ɗan guntun lantarki, kuma wannan guntun ne yake yanke hukunci. Tsofaffin zubin guntun PL2303 na kamfanin Prolific, musamman HXA, kamfanin ya daina tallafa musu tun zamanin Windows 8, sabon direba yana ƙin su, yana nuna saƙon cewa an daina amfani da su tun 2012. Haka zubin TA ba ya da tallafi a Windows 11. Masu wannan sana'a sun fi amincewa da guntun FTDI, amma shi ma sai na asali, domin a watan Oktoban 2014 wani direban FTDI da ya iso ta hanyar sabuntawar Windows ya riƙa sauya lambar shaidar guntayen jabu har kwamfuta ta daina gane su, kuma mutane da yawa ba su san jabu suka saya ba sai ranar. Abin farin ciki shi ne wannan matsala mai arha ce: a sayi sabuwar waya mai guntu na asali daga amintaccen dillali kafin a fara komai, a gwada ta a kan tsohon tsarin tukuna.

Akwai kuma matsalar da ba ta da arha. Windows 11 ba ta da zubi mai bit 32 kwata-kwata, kuma babbar manhaja mai bit 64 ba ta karɓar direban ciki mai bit 32, ba ta kuma tafiyar da manhajojin da aka rubuta da bit 16. Duk wata tsohuwar kyamara da take shiga ta faffaɗar kafar firinta ta da, ko katin da aka soke a cikin kwamfuta don sarrafa injinan ƙubba, ko ɗan makullin lasisi da ake sokawa a baya, idan direbansa na bit 32 ne kaɗai, to hanyarsa ta ƙare a inda yake. Bugu da ƙari, Windows 11 tana da wani tsaro da ke bincikar direbobi kafin ya bari su shiga zuciyar tsarin, wanda yakan zo a kunne a sababbin kwamfutoci, kuma yakan hana tsofaffin direbobi tashi ko da na bit 64 ne. Ana iya kashe shi, amma wanda ya ɗaga manhaja don neman tsaro sannan ya kashe tsaron don direba ya yi aiki, ya kamata ya san cewa ya rage ribar da ya fita nema.

Ita kanta kwamfutar sai an duba ko ta cancanta. Windows 11 tana bukatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD, da aƙalla gigabait 4 na ma'adanar wucin gadi da gigabait 64 na wurin ajiya. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana ba da amsa cikin ɗan lokaci. Akwai dabarun tsallake waɗannan sharuɗɗa, suna nan birjik a intanet, amma ba na ba da shawarar a yi amfani da su a kan kwamfutar da aka damƙa wa amanar rufe rufi, domin kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba. Idan ba ta cancanta ba, ƙaramar sabuwar kwamfuta mai girman tafin hannu biyu, irin wadda ake ɗaurawa a jikin ginshiƙi, ta wadatar da aikin sarrafawa, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na matacin haske mai kyau guda biyu ba.

Duk abin da ya gabata hujja ce ta zama a inda ake. Amma zaman ma yana da nasa farashin, kuma bai kamata a raina shi ba. Kwamfutar da ta daina samun facin tsaro, duk ramin da aka gano a jikinta daga baya a buɗe zai zauna. A watan Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a duniya ta wani rami da Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris na shekarar, ta kama kwamfutocin da ba a sanya wa facin ba, har ta gurgunta aiki a asibitoci da dama a Ingila. Wuraren nazarin sararin sama ma ba su tsira ba. A ranar 29 ga Oktoban 2022 masu kutse sun afka wa kwamfutocin cibiyar ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Cile, ba a koma duban sama ba sai a watan Disamba, bayan kwana 48. A ranar 1 ga Agustan 2023 kuma aka yi wa cibiyar NOIRLab ta Amurka kutse, aka dakatar da tagwayen na'urorin Gemini, ta Hawai da ta Cile, har zuwa ƙarshen Satumba. Ƙaramin ɗakin jami'a ba shi da abin da manyan ɓarayi za su nema, amma manhajar ɓarna ba ta tambayar darajar gida kafin ta shiga. Ƙofar sarrafawa daga nesa da aka bari a buɗe, ko filashin ɗalibi da ya zaga shagunan buga takardu kafin ya zo kwasar hotuna, ya ishe ta. Sannan akwai matsin da yake zuwa a hankali, wato masu rubuta manhaja suna barin tsofaffin tsare-tsare a baya. Zubi na uku na N.I.N.A., alal misali, ba ya tashi a kan abin da ya gaza Windows 10 mai bit 64, kuma ranar da aka sayi sabuwar kyamara, direbanta zai iya ƙin tsohuwar kwamfutar.

Idan aka ɗora waɗannan biyun a kan sikeli, hukuncin yakan fito da kansa. Inda duk na'urori suke da direbobin zamani, kuma ana shiga kwamfutar daga gida ko daga ofis ta intanet, to a ɗaga, a tsara lokacin kawai. Inda kuwa akwai na'ura mai tsada da ba za ta iya ƙaura ba, kuma babu kuɗin maye gurbinta, to a bar tsohuwar manhajar, amma da sharaɗin a yanke ta daga intanet baki ɗaya: a zare wayar sadarwa, a kashe Wi-Fi, a keɓe filashi ɗaya tak na ɗakin wanda ake bincikawa a wata kwamfuta mai sabon tsaro, a kuma hana buɗe wasiƙa ko shafin intanet a kanta. Idan dole ne a sarrafa ta daga nesa, sai a sa wata sabuwar kwamfuta a matsayin mai gadi, a shiga mai gadin ta ɓoyayyiyar hanya ta VPN, daga nan a isa tsohuwar ta wayar cikin gida. Akwai ma hanya ta tsakiya da mutane ba su cika tunawa da ita ba: tsarin Alpaca na ASCOM yana ba da damar na'ura ta zauna a jone da tsohuwar kwamfuta, sabuwar kuma ta riƙa ba ta umarni ta hanyar sadarwar cikin gida, ta manhajar ASCOM Remote, muddin tsohuwar tana iya ɗaukar wannan manhaja. Ga wanda yake neman jinkiri kawai, Microsoft ta buɗe shirin ƙarin facin tsaro na Windows 10 ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoban 2026, kuma akwai zubin Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021 da aka yi don injinan masana'antu, mai tallafi har zuwa Janairun 2032, sai dai lasisinsa ta hannun dillalan kamfanoni yake fitowa, ba a shagon gefen titi ba.

Bayan an yanke shawarar ɗagawa, zaɓen lokaci shi ne rabin aikin. A duba kalandar wata, a fara kwana uku ko huɗu kafin daren sha huɗu, domin a makon da farin wata ya cika sama dama ba a samun hoton kirki na abubuwa masu dishi-dishi, saboda haka dararen gwaji ba asara ba ne. A yankinmu damina ta fi dacewa da babban aiki irin wannan, tunda daga Yuli zuwa farkon Satumba gajimare ne yake rufe sama a yawancin darare, haka ma makonnin da hazon hunturu ya yi kauri. Kada a taɓa kwamfutar ana saura mako biyu a yi husufi, ko ana jiran ɗalibai su zo aikin kammala karatu, ko kuma, ga waɗanda ake dogara da na'urarsu wajen neman jinjirin wata, ana dab da 29 ga Sha'aban ko 29 ga Ramadan. Haka nan wanda yake tsakiyar dogon awo na hasken wani tauraro mai sauyawa, ya haƙura ya kammala tukuna, domin sabon direban kyamara yana iya zuwa da wasu lambobin ƙarfin sigina na daban, sai awon bayan sauyi ya ƙi daidaita da na kafinsa, kuma dole a sake ɗaukar dukan hotunan duhu da ake tace hayaniyar kyamara da su.

Game da yadda za a yi aikin kansa, shawarata ɗaya ce kuma ba na sassautawa a kanta: kada a ɗora sabuwar manhaja a kan faifan ajiyar da yake aiki. A sayi sabon faifan SSD, a fara ɗaukar cikakken kwafin tsohon da manhaja irin Clonezilla zuwa wani faifai na waje, sannan a kashe kwamfuta, a kwance tsohon faifan da hannu, a sa shi a leda a rubuta kwanan wata a jikinsa, a soka sabon, a girka Windows 11 daga tushe. Gaskiya ne cewa Windows tana ba da kwana goma na komawa baya ga wanda ya ɗaga a kan tsohon faifai, amma kwana goma a lokacin gajimare suna iya wucewa ba a sami dare ɗaya na gwaji ba, kuma komawar ba kullum take mayar da direbobi yadda suke ba. Da tsohon faifai a aljihun tebur, komawa aikin minti goma ne da sukudireba. Kafin a fara, a sauke duk manhajoji da direbobi da kundin taurarin da ake gane fili da su, wanda wani lokaci yakan haura gigabait guda, a tara su a filashi, a kuma kwashe fayilolin da shekaru suka gina: samfurin gyaran nuni na mazauni, da taswirar bishiyoyi da gine-ginen da suka tare gefen sama, da bayanan manhajar PHD2 ta bin tauraro. A tabbatar kwamfutar tana kan batir ko inbata mai caji, musamman idan aikin ya haɗa da sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, domin ɗaukewar wuta a wannan minti na iya kashe babban allon lantarki na cikin kwamfutar gaba ɗaya, garin neman gira a rasa ido.

Tsarin girkawa daga ƙasa yake tashi zuwa sama. Windows da dukan sabuntawarta da farko, sai direbobin allon lantarkin kwamfuta, sai dandalin ASCOM, sannan na'urori ɗaya bayan ɗaya, ana jona kowace, a ga ta amsa, a mayar mata da lambar COM da aka rubuta a littafi, kafin a taɓa ta gaba. Wanda ya soka duka lokaci guda, idan abu ya ƙi, ba zai san wanne ne mai laifi ba.

Sabuwar Windows tana zuwa ne da halayen kwamfutar ofis, wadda take ɗauka cewa dare lokacin hutu ne, saboda haka sai an sake mata tarbiyya. A hana ta barci, a hana ta kashe kafofin USB don tanadin wuta, a kashe tashin gaggawa. A saita sa'o'in aiki, waɗanda ba ta sake kunna kanta a cikinsu, su rufe dare duka. Ana iya ba su tsawon sa'a 18, misali daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na safe. Ana iya dakatar da sabuntawa har mako biyar, wanda ya isa a mayar da ita aikin da ake yi da hannu sau ɗaya a wata, a makon farin wata. A lura cewa zubin Home ba ya karɓar shiga daga nesa ta Remote Desktop, sai zubin Pro. A duba ko OneDrive ya kama jakar da hotuna suke sauka, domin hoto ɗaya na kyamarar zamani yana kai megabait 50, ɗaruruwansu a dare ɗaya kuwa za su cinye data kafin asuba. Idan tsarin ya kulle faifai da BitLocker, a buga makullin ceto a takarda a ajiye. A cikin BIOS kuma a zaɓi cewa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Cadi da suke girka Windows da Faransanci, akwai wani tarko na musamman: saitin Faransanci yana raba lamba da waƙafi maimakon ɗigo, kuma wasu tsofaffin direbobi ba sa fahimtar 8,5 a matsayin 8.5, don haka gara a sauya alamar zuwa ɗigo tun kafin a girka su.

Agogo da wuri sun cancanci kulawa ta daban. Duniya tana juya digiri 15 a kowace sa'a, ma'ana kuskuren minti ɗaya a agogon kwamfuta yana karkatar da nuni da rubu'in digiri, kusan rabin faɗin wata ke nan, wanda ya isa ya fitar da abin da ake nema daga filin ƙaramar kyamara. Mai awon lokacin da wata duniya take gilmawa ta gaban tauraronta yana bukatar daidaito na daƙiƙa, mai awon ɓoyewar tauraro a bayan dutsen sama kuwa yana bukatar ƙasa da haka sosai. Saboda haka a girka manhajar daidaita lokaci ta NTP, irin wadda kamfanin Meinberg yake rabawa, ko a jona ƙaramar na'urar GPS, wadda ita ce mafita ga kwamfutar da aka yanke daga intanet. A tabbatar da shiyyar lokaci, wadda a Najeriya da Nijar take gaban agogon duniya na UTC da sa'a ɗaya duk shekara. A sake shigar da wurin ɗakin a kowace manhaja, ana lura da alamar gabas da yamma, domin tsohon yaren umarni na LX200 yana ƙirga yamma a matsayin ƙari, saɓanin yawancin manhajojin yau. Ɗakin da yake Kano, wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, idan alamar ta juye, na'urar za ta kauce da digiri 17. Tunda an riga an buɗe akwatin kwamfutar, a sauya ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogon kwamfutar.

Gwaji na farko da rana ake yinsa, murfin na'urar hangen nesa a rufe ƙam don kada ta gilma ta gaban rana ta ƙona kyamara, mutum ɗaya a gaban allo, ɗaya kuma a tsaye kusa da mazauni, hannunsa a kan makunnin wuta. A umarci mazauni ya je gabas, ya je yamma, ya koma wurin kwanciyarsa, ana kallon wayoyi kada su naɗe. A daren farko a nufi tauraro mai haske da kowa ya sani, a ga ko ya faɗo a tsakiyar hoto. A dare na biyu a bar tsarin ya yi aiki da kansa daga magariba zuwa asuba, amma mutum yana zaune yana kallo. Sannan a jarraba ɓacin rana da gangan: a ɗiga ruwa a kan na'urar jin ruwan sama a ga ko rufi zai rufe, a zare wayar intanet, a yanke wuta a mayar. Idan aka gano cewa rufewar rufi ta dogara kacokan ga lafiyar kwamfuta, to wannan aibi ne da ya girmi batun Windows, kuma ya kamata a haɗa na'urar jin ruwan da injin rufin kai tsaye.

Masu amfani da Linux, waɗanda suke sarrafa na'urori da manhajojin INDI da KStars, ƙa'idar ɗaya ce a gare su, sunaye ne kawai suka bambanta. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, zubinsa mai dogon tallafi yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu da tallafin shekara biyar, don haka 22.04 zai kai 2027, 24.04 kuma 2029. CentOS 7, wani nau'in Linux wanda cibiyoyin bincike da dama suka dogara da shi, ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2024, kuma tun a Disamban 2022 cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da Fermilab suka nuna AlmaLinux a matsayin zaɓinsu. Abin da ya fi karyewa a nan shi ne tsofaffin rubutattun umarni na yaren kwamfuta Python 2, wanda aka daina tallafa wa tun 1 ga Janairun 2020, da direbobin da sai an sake gina su da kowace sabuwar zuciyar tsarin, da sunayen kafofi da suke musanya bayan sake kunnawa, wanda maganinsa shi ne a kira kowace na'ura da sunanta na dindindin da ke cikin /dev/serial/by-id. Kwamfutar da ake tace hotuna da lissafi a kanta kuwa, wadda ba ta jone da injin komai, ba ta cikin wannan taka-tsantsan. A raba ta da ta sarrafawa, a riƙa sabunta ta a kan kari.

Tsohon faifan da aka sa a leda kada a goge shi da wuri. A bar shi har sabon tsarin ya ga sanyin hunturu da zafin bazara da damina guda, domin wasu matsalolin USB sai yanayi ya sauya suke bayyana, kuma wasu na'urorin, kamar kyamarar da ake fito da ita don husufi kawai, sai bayan watanni ake tuna cewa ba a gwada su ba. A littafin nan na farko, a buɗe sabon shafi a rubuta ranar da aka yi sauyin, da lambar zubin kowane direba da aka girka, da saitin da aka taɓa, a ajiye shi a aljihun tebur ɗaya da faifan da sukudireban.